Yadda Fatarmu Take Kare Kanta Daga Rana

'Yan'uwana ɗalibai, a cikin hasken rana akwai wani nau'in haske da ido ba ya gani, ana kiransa UV. Idan ya ratsa fata, yakan shiga cikin ƙwayoyin halitta, wato ƙananan tubalan da aka gina jikinmu da su, ya lalata DNA. Shi DNA shi ne rubutun da ke gaya wa kowace ƙwaya aikin da za ta yi. To me ya sa muke yini a rana ba mu halaka ba? Saboda ƙwayoyin suna da dabaru uku.

Ta farko ita ce laima. Wasu ƙwayoyin fata suna yin wani sinadari mai duhu mai suna melanin. Shi yake ba mu launinmu, kuma yakan taru a saman DNA ya tare hasken. Idan rana ta yawaita sai su ƙara yin sa, shi ya sa manomi yake ƙara baƙi.

Ta biyu ita ce gyara. Akwai sinadarai masu bin DNA suna dubawa. Da sun ga inda ya lalace sai su yanke wurin, su yi masa faci kamar tela. Masana uku, Tomas Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar, sun sami kyautar Nobel a 2015 saboda sun gano yadda ake wannan gyara.

Ta uku, idan ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, ƙwayar takan kashe kanta. Idan ba ta mutu ba, ta ci gaba da hayayyafa da ɓataccen DNA, tana iya zama ciwon daji.

Man bilicin yana hana fata yin melanin. Ke nan mai shafa shi ta naɗe laimarta da hannunta. Wasu mayukan ma da zaiba a ciki, wadda take lalata ƙoda.

Su kuma 'yan'uwanmu zabiya, an haife su da ƙarancin melanin, don haka ciwon dajin fata ya fi saurin kama su. Malamai, don Allah a bar su su sa malafa da riga mai dogon hannu, kuma su tsaya a inuwa lokacin asambile. Mu kuma ɗalibai mu daina tsokanarsu. Rigakafi ya fi magani.