Abin da ya kamata ku sani kan girka rumbun nazarin bayanai a kwamfuta ɗaya

Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, an tsara ta ne don shayar da kimanin hekta 23,000 a yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Aiki mai wannan girma kullum cikin haifar da lissafi yake: wa ke noma wace gona, yaushe aka sako ruwa, wa ya biya kuɗin ruwa, buhun shinkafa nawa aka samu. Rumbun nazarin bayanai manhaja ce da ke tara irin wannan lissafi wuri guda, ta amsa tambaya cikin daƙiƙu.

Yaya yake aiki?

Rumbun bayanai na yau da kullum yana rubuta komai na manomi a layi ɗaya. Na nazari kuwa ware bayanan yake yi, kamar mai zuba gero daban, dawa daban. Idan aka tambayi jimillar buhunan Bakura a bara, adadin buhu da sunan gari da shekara kawai zai duba, shi ya sa yake da sauri. ClickHouse da DuckDB haka suke aiki, kuma kyauta ake samunsu.

Kwamfuta ɗaya ta isa?

Ta isa. A ce kowace hekta ana rubuta mata layi ɗaya kullum har shekara 10, jimilla ba ta kai layi miliyan 84 ba. Sabar ɗaya, wato kwamfutar da sauran na'urorin ofis ke ɗibar bayani daga gare ta, za ta ɗauki wannan ba tare da wahala ba, muddin tana da RAM mai gigabait 16 zuwa 32 da ma'ajiyar SSD. Haɗa sabar da yawa ƙarin kuɗi ne, kuma yana buƙatar ƙwararru masu tsada.

Ajiye sabar a ofis ma yana da amfani. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a faɗin Zamfara, jihar da madatsar take, saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni ba intanet. Sabar da ke cikin ofis ba ta tsayawa a irin wannan hali.

Ina haɗarin yake?

Wuta ce ta farko. Ɗaukewarta ana tsakiyar rubutu na iya lalata bayanai, don haka a haɗa sabar da batir da sola. Sai zafin bazara da ƙurar hunturu: ɗaki mai iska ake so, a kuma riƙa share fankar na'urar.

Sannan tsaro. Sunayen manoma da lambobin wayarsu amana ce, kuma dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta kiyaye su. Kowane ma'aikaci ya samu kalmar sirrinsa, kada kuma a bar rumbun a buɗe ga intanet.

Haɗari mafi girma shi ne rashin kwafi, domin ranar da ma'ajiyar ta mutu, lissafin shekaru ya tafi. A kwafe bayanan kowane dare zuwa wata ma'ajiya, a kai kwafi guda wani gini daban kowane mako. Duk wata a gwada dawo da bayanan daga kwafin, a kuma ɗora wa mutum ɗaya sananne alhakin yin hakan.