Karatun Hulɗar Ƙasa da Ƙasa a Jami'o'in Waje da Gadon Ilimin Siyar: Nazari a Kan Yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin fannin hulɗar ƙasa da ƙasa kamar yadda ake karantar da shi a jami'o'in ƙetare: asalinsa, mazhabobinsa, da ginshiƙan da ya ɗoru a kansu. Ta kwatanta shi da ilimin Siyar da malaman fiƙihu suka rubuta tun ƙarni na biyu na Hijira, sannan ta auna su duka biyun a kan halin da Mabai da sauran garuruwan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suke ciki. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne: al'ummar wannan yanki na bukatar waɗanda suka karanci fannin, amma amfaninsa ba ya cika sai ga ɗalibin da ya tafi da guzurin fiƙihu, ya kuma dawo da iliminsa gida.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, idan ɗalibi ya samu gurbin karatu a ƙasar waje, iyaye a ƙasar Hausa sun fi natsuwa idan suka ji likitanci ne, ko injiniyanci, ko Shari'a a Madina ko Azhar. Gwamnatin Jihar Katsina ma, a 'yan shekarun nan, ta tura ɗalibai Masar domin likitanci, wasu kuma Sin domin fasahar zamani. Amma idan aka ce ɗalibin zai karanta siyasar duniya, sai a tambaya: me wannan zai tsinana wa manomin Mabai da ya kasa zuwa gonarsa? Malamai kuma suna da tasu tambayar, wato ko fannin da aka gina a kan raba addini da mulki zai bar aƙidar ɗalibi lafiya. Dukkan tambayoyin biyu suna da hujja, kuma ba a amsa su sai an san mene ne fannin.

2.0 Asalin Fannin da Mazhabobinsa

An kafa kujerar farfesa ta farko a wannan fanni a shekarar 1919 a Jami'ar Aberystwyth ta Birtaniya, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da nufin gano musabbabin yaƙi da hanyar kauce masa. Daga nan ya bazu zuwa Landan da Janiba da jami'o'in Amurka, daga baya ya isa ƙasashen Musulmi.

Ɗalibin da ya shiga aji zai tarar da manyan mazhabobi uku. Ta farko ita ce wadda Larabawa suka fassara da waƙi'iyya, wadda ke ganin babu wani sarki a saman ƙasashe, don haka kowace ƙasa ƙarfinta da maslaharta take bi. Jagororinta sun haɗa da Hans Morgenthau, wanda littafinsa ya fito a 1948, da Kenneth Waltz a 1979. Ta biyu ita ce libaraliyya, wadda ke ganin ciniki da yarjejeniyoyi da hukumomi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka kafa a 1945, na iya rage gaba. Ta uku ita ce bina'iyya, wadda Alexander Wendt ya shahara da ita a shekarun 1990, mai cewa gaba da ƙawance abubuwa ne da mutane suka gina da tunaninsu da tarihinsu, kuma suna iya sauya su.

Akwai ginshiƙai biyu da yawancin littattafan fannin suka ɗauka a matsayin abin da ba ya bukatar hujja. Na farko, tarihin tsarin duniya yana farawa ne daga Sulhun Westphalia na 1648, wanda ya kawo ƙarshen Yaƙin Shekara Talatin a Turai. Na biyu, addini al'amari ne na gida da zuciya, ba ya cikin lissafin ƙasashe. Juyin juya halin Iran na 1979 da harin 11 ga Satumba 2001 sun tilasta wa masana su dawo da addini cikin bincike, sai dai galibi ya dawo ne a babin barazana. Ɗalibin da bai san waɗannan ginshiƙai 'ya'yan tarihin Turai ne ba, zai haɗiye su a kan cewa su ne gaskiyar dukkan 'yan Adam.

3.0 Ilimin Siyar da Gadon Ƙasar Hausa

Malaman Musulunci sun kira babin da ya shafi mu'amalar daular Musulmi da wasu al'ummu Siyar. Imam Al-Auza'i ya yi rubutu a kansa, Abu Yusuf ya yi masa raddi, sannan Muhammad bin Hasan Ash-Shaibani, wanda ya rasu a 189 bayan Hijira, ya wallafa As-Siyarul Kabir, wanda Imam As-Sarakhsi ya yi wa sharhi a ƙarni na biyar. Tsakanin Shaibani da Hugo Grotius, wanda littafinsa na dokar yaƙi da zaman lafiya ya fito a 1625, akwai kimanin shekara ɗari takwas.

Tushen wannan ilimi yana cikin Alƙur'ani da Sira. Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta wajabta cika alkawari. Sulhun Hudaibiyya, a shekara ta 6 bayan Hijira, ya nuna Manzon Allah (SAW) yana mutunta sharuɗɗan da suka yi wa sahabbai nauyi, har ya mayar da Abu Jandal. Bai kashe manzannin Musailama ba duk da munin saƙonsu, daga nan aka ɗauki kariyar jakadu. Ya kuma umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin wasiƙu, wanda ke nuna cewa sanin harshen wasu da tunaninsu aikin addini ne idan maslahar al'umma ta rataya a kai.

Ƙasar Hausa na da nata rabo. A ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasihar mulki, Imam As-Suyuɗi kuma ya aiko da wasiƙa ga sarakunan Katsina da Agadas. Muhammadu Bello ya taskace a cikin Infaƙul Maisur muhawararsu da Shaihu Al-Kanemi na Barno a kan halaccin yaƙi tsakanin dauloli biyu na Musulmi. A 1824 ya karɓi Hugh Clapperton a Sakkwato, ya kuma aika wa Sarkin Ingila George na Huɗu wasiƙa. Waɗannan takardu ne na diflomasiyya, amma ba kasafai ɗalibi ke ganinsu a manhajar jami'o'in waje ba.

A wannan zamani an samu waɗanda suka haɗa ilimin biyu. Muhammad Hamidullah da Muhammad Abu Zahra sun yi rubutu a kan hulɗar ƙasashe a Musulunci. Wahba Az-Zuhaili ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Alƙahira a kan tasirin yaƙi a fiƙihu. AbdulHamid Abu Sulaiman ya kammala nasa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a 1973 a kan nazariyyar Musulunci a wannan fanni, daga baya ya shugabanci Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Maleshiya.

4.0 Siyasar Duniya a Ƙofar Mabai

Mabai tana cikin Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara, wadda ita da Faskari da Sabuwa suke mazaɓa ɗaya a Majalisar Wakilai. Yanki ne na noma da kiwo, mai iyaka da dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari. Abubuwa uku sun isa su nuna cewa abin da ake karantawa a ajin hulɗar ƙasashe yana taɓa shi kai tsaye.

Na farko, makamai. A watan Maris 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 a kan Libiya, kafin ƙarshen shekarar gwamnatin Gaddafi ta faɗi, rumbunan makamanta suka buɗe. Kwamitin ƙwararru na Majalisar ya ba da rahoton yadda makaman suka bazu a yankin Sahel. Rikicin manoma da makiyaya da satar shanu suna da tushensu na cikin gida, amma sauƙin samun bindiga a yankin ya sauya girmansu. Ƙungiyar ECOWAS na da yarjejeniyar taƙaita ƙananan makamai tun 2006, aiwatar da ita kuwa yana bukatar masu sanin dokar da sanin hanyoyin daji a lokaci guda.

Na biyu, iyaka. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 ne suka raba Katsina da Maraɗi, alhali jama'a ɗaya ce. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufe iyakar har zuwa Maris 2024, sannan Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a Janairu 2025. Duk lokacin da aka yanke irin wannan shawara a Abuja ko Yamai, ɗan kasuwar hatsi da dillalin dabbobi ne ke fara ji a jikinsu, haka nan haɗin gwiwar tsaron iyaka yana raguwa.

Na uku, idon duniya. A daren 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. Abubakar Shekau ya yi iƙirarin ɗaukar alhaki, Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi Allah wadai, aka sako yara 344 a ranar 17 ga watan. A cikin mako guda sunan garin ya zagaye duniya, amma yawancin masu fashin baƙi a kafofin waje ba su san bambancin ɗan fashin daji da ɗan Boko Haram ba. Wanda ya fassara matsala shi ke tsara maganinta, kuma yankin ba shi da isassun 'ya'yansa a teburin fassarar.

5.0 Mas'alar Sulhu: Inda Ilimin Biyu Suka Haɗu

A 2019 gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi zaman sulhu da 'yan bindiga, kafin tsakiyar 2020 yarjejeniyar ta rushe. A 2021 aka koma ga matakan matsi, har da rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya da katse layukan waya. Me ya sa sulhu ke rushewa?

Masana na zamani suna da amsa. James Fearon a 1995, da Barbara Walter a bincikenta a kan yaƙe-yaƙen basasa, sun nuna cewa ɓangarori biyu na iya son zaman lafiya amma su kasa, domin wanda ya fara ajiye makami ba shi da tabbacin ɗayan ba zai ci amanarsa ba. Saboda haka sulhu ya fi ɗorewa idan akwai mai lamuni na uku da kowa ya yarda da shi, da hanyar tantance cika sharuɗɗa. Idan kuma ƙungiyoyin suna da yawa ba su da shugaba ɗaya, alkawarin wani ba ya ɗaure wani.

Fiƙihu kuma yana amsa tambayar da wancan ilimi bai cika kula da ita ba, wato haƙƙin wanda aka zalunta. Malamai sun bambanta bagyu, wato tawaye bisa tawili, da hiraba, wato tare hanya da tsoratar da jama'a domin dukiya. Aya ta 33 da ta 34 na Suratul Ma'ida sun faɗi hukuncin muharibi, suka kuma buɗe ƙofar tuba kafin a ci ƙarfinsa. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Risalar Ibn Abi Zaid ta bayyana, tuban yana sauke haddin hiraba, amma haƙƙin mutane na jini da dukiya yana nan. Ma'ana, hukuma ba ta da ikon yafe abin da ba nata ba. Sulhun da ba shi da lamuni ba ya tsayawa, wanda kuma ya tsallake marayu da zawarawa yana barin wutar ramuwa a ƙarƙashin toka. Mai zama a teburin sulhu yana bukatar sanin duka biyun.

6.0 Guzurin Mai Tafiya

Hanyar ba sabuwa ba ce ga 'yan Arewa. Farfesa Ibrahim Gambari ya yi karatu a Landan da Jami'ar Columbia, ya riƙe ministan harkokin waje a 1984 zuwa 1985. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, ɗan Zagga a Jihar Kebbi, ya tashi daga Jami'ar Ahmadu Bello zuwa Boston da Toronto, ya shugabanci Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya karo na 74 a 2019.

Ɗalibi na iya zaɓar Birtaniya, inda digiri na biyu yakan ɗauki shekara ɗaya, ko Amurka, ko Tsangayar Tattalin Arziki da Kimiyyar Siyasa ta Jami'ar Alƙahira, ko Maleshiya, ko Turkiyya. Akwai tallafin Chevening da na Commonwealth da na gwamnatin Turkiyya, kuma faɗuwar darajar naira tun Yuni 2023 ta sa neman irinsu ya zama dole ga mafi yawan iyalai. Ya kamata ya duba zaman lafiyar ƙasar da zai je, domin yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a Afrilu 2023 sun katse karatun ɗaliban Nijeriya masu yawa.

Abubuwa huɗu ne suka fi muhimmanci. Ya karanta babukan jihadi da aman da sulhu da hiraba a gaban malami kafin ya tafi. Ya ƙware a Larabci da Turanci, ya ƙara da Faransanci saboda Nijar. Ya ɗauki mazhabobin fannin a matsayin kayan awo, ya karɓi abin da hujja ta tabbatar, ya san inda suka saɓa wa wahayi, musamman da'awar cewa maslaha tana halatta yaudara. Sannan ya zaɓi batun kundinsa daga gida, ya kuma kiyaye amanar waɗanda ya yi hira da su, domin ambaton suna a irin wannan yanki na iya jawo asarar rai.

7.0 Kammalawa

Aya ta 122 ta Suratut Tauba ta kafa ƙa'idar cewa wasu daga kowace jama'a su fita neman fahimtar addini, su gargaɗi mutanensu idan sun komo. Malamai irin su Imam Al-Gazali sun sanya duk ilimin da rayuwar al'umma ba ta wadatuwa daga gare shi cikin farilla ta kifaya, kuma sanin yadda ƙasashe ke yaƙi da sulhu ya shiga wannan sahu ga yankin da makami da iyaka ke juya rayuwarsa. Nauyin da ke kan jami'o'in Musulunci shi ne su sanya Siyar cikin manhajar kimiyyar siyasa, su sanya tarihin diflomasiyya cikin manhajar Shari'a, su kuma buɗe wa waɗanda suka dawo ƙofar koyarwa da bincike. Allah ne mafi sani.