Waƙafi da Ɗaukar Nauyin Bincike Kan Bijirewar Ƙwayoyin Cuta Ga Magunguna

Gabatarwa

Malaman usulu sun haɗu a kan cewa kiyaye rai yana cikin manufofi biyar na Shari'a. Imam Al-Gazali, a cikin Ihya'u Ulumid Din, ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya. Wannan maƙala tana duba wata matsala ta lafiya da ke neman bincike, da hanyar da Shari'a ta tanada don ɗaukar nauyinsa a Sakkwato.

Haƙiƙanin matsalar

Idan majiyyaci ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba, ko aka riƙa ɗura wa dabbobi da kaji barkatai, ƙwayoyin da ba su da ƙarfi sukan mutu, masu juriya su hayayyafa, har maganin ya daina tasiri. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi gargaɗin haka tun 1945. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma yammacin Afirka ne ya fi jin jiki gwargwadon yawan jama'arsa.

Likita ba zai san maganin da har yanzu yake aiki a garinsa ba sai an tsirar da ƙwayar cutar a ɗakin gwaji, an jarraba ta da magunguna. Wannan yana buƙatar sinadarai, wutar lantarki mai ɗorewa da ƙwararrun ma'aikata. Sakkwato tana da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta, kuma annobar sanƙarau ta 2017 ta nuna muhimmancin gane nau'in cuta da wuri. A wannan shekarar Nijeriya ta fitar da shirinta na farko na yaƙi da matsalar, sai dai tallafin ƙasashen waje yana bin siyasar mai bayarwa.

Matsayin Shari'a

Ƙa'ida ce tabbatacciya cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Saboda haka kuɗin wannan bincike yana ɗaukar hukuncin farillar kifaya: idan kowa ya yi watsi da shi, masu iko da masu hali sun shiga laifi.

Zakka kuwa tana da masu cin ta guda takwas, kuma mazhabar Malikiyya ba ta faɗaɗa su zuwa gine-gine da ayyukan amfanin jama'a ba. Waƙafi ne ya fi dacewa. Asalinsa gonar Sayyidina Umar (RA) ta Khaibar, wadda aka tsare tushenta aka sadaukar da amfaninta. Da waƙafi aka tafiyar da asibitin Mansuri, wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284. Malikiyya sun ƙara sauƙaƙawa, domin sun halatta waƙafin kayan da ake ɗauka da na ƙayyadadden lokaci.

Kammalawa

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magunguna, don haka wannan fage gadonmu ne. Ya kamata Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato ta ware asusu na musamman: rumfunan kasuwa ko gonaki da kuɗin hayarsu zai tafi ga ɗakunan gwaji da ɗaliban bincike, tare da bayyana lissafi duk shekara. Malamai kuma su faɗakar a mumbari cewa shan magani ba da umarnin likita ba yana cutar da waninka. Allah ne mafi sani.