ƘWAYAR DA KE ƊAUKAR HOTON HANJI

Hanjin mutum iri biyu ne, ƙarami da babba. Ana ce wa na farko ƙarami saboda sirantakarsa, amma shi ya fi tsawo, gama ya kai wajen ƙafa 20, yana nannaɗe a tsakiyar ciki. A cikinsa ne jiki ke tsotse amfanin abinci.

Likitoci suna da bututu mai fitila wanda su kan zura ta baki su duba tumbi, da wani wanda su kan zura ta dubura su duba babban hanji. Na baki ba ya wuce farkon ƙaramin hanji, na dubura kuwa iyakarsa bakin ƙarshensa. Saboda haka sai mutum ya yi ta zubar da jini a ɓoye daga tsakiya, yana ramewa, likita bai ga inda jinin ke fitowa ba.

Asalinta

Wani injiniya na Isra'ila, Gavriel Iddan, da wani likita na Ingila, Paul Swain, su ne kan gaba wajen ƙago dabarar ganin wannan wuri. An bayyana ta ga duniya a 2000, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta yarda da ita a 2001. Ƙwaya ce mai tsawon inci 1, ta ɗan ɗara ƙwallon dabino kauri. A cikinta akwai kamara, da fitila, da batir, da abin aika hoto.

Yadda a ke aiki da ita

Majiyyaci ya kan kwana bai ci abinci ba. Da safe a ɗaura masa ɗamara mai ɗan akwati, sa'an nan ya haɗiye ƙwayar da ruwa. Motsin hanji shi ke tura ta, tana tafe tana ɗaukar hoto 2 ko fiye kowace daƙiƙa, tana aika wa akwatin. Bayan sa'a 2 ya sha ruwa, bayan sa'a 4 ya ci abinci kaɗan. Batirin ya kan yi sa'a 8 zuwa 12, hotuna kuwa su kai 50,000. Likita ya dube su a kwamfuta. Ƙwayar ta kan fita tare da bayan gida, ba a sāke amfani da ita.

Da haka a kan gano jijiyar da ke yoyon jini, da ƙari, da kumburin hanji da a ke kira cutar Crohn, da gyambon da yawan shan maganin ciwon jiki irin su asfirin ke kawowa.

Iyakarta

Ƙwayar nan ido ce kawai, ba ta warkarwa, ba ta kuwa gutsuro tsoka don gwaji. Babban haɗarinta shi ne maƙalewa inda hanji ya tsuke, watau kamar ga mai cutar Crohn ko tibi na hanji. Wannan ya kan sami mutum 1 ko 2 cikin 100, wani lokaci har sai an yi fiɗa. In likita yana shakka, ya kan fara ba da ƙwayar gwaji wadda ke narkewa da kanta. Har wa yau tana da tsada, sai a manyan asibitoci a ke samunta.

Abin da a ke roƙon Hakimai

Ana roƙon Hakimai da malamansu su sanar da Dagatai da Masu Unguwa abubuwa uku:

1. Wanda bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko idonsa da tafin hannunsa suka yi fari, ga kasala, lalle ya tafi asibiti, kada ya tsaya shan jiƙo.

2. Ba da ƙwayar nan a ke fara bincike ba. A ƙasarmu tsutsar ciki da zazzaɓin sauro da rashin abinci mai gina jiki su kan jawo ƙarancin jini, gwajin jini da na bayan gida kuwa su kan nuna su da kuɗi kaɗan. Sai waɗannan da bututun nan biyu sun kāsa, sa'an nan a kan koma gare ta.

3. Wanda aka ba shi ita ya gaya wa likita in an taɓa yi masa fiɗar ciki, mace kuma ta faɗa in tana da juna biyu. Kada ya shiga injin hoto mai maganaɗisu sai ta fita. In ya ji ciwon ciki mai tsanani ko amai, ko mako 2 ya wuce bai ga fitarta ba, ya koma wurin likita nan da nan.