JavaScript: Amfaninsa, haɗarinsa da yadda ake kunna shi

Ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin kaya ta shafin banki da ma'aikacin da ke cike fom a shafin hukuma sukan ci karo da saƙon da ke neman a kunna JavaScript kafin shafin ya yi aiki. Wasu na latsawa ba tare da tambaya ba, wasu kuma na ja da baya domin sun ji an ce ta nan ɓarayin intanet ke shigowa. Duka ɓangarorin biyu na da hujja, sai dai ya kamata a san abin da ake kunnawa da kuma inda haɗarin yake.

JavaScript harshe ne na rubuta umarni ga burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, kamar Chrome, Firefox da Safari. Brendan Eich ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape na Amurka a shekarar 1995, kuma duk da kamancin suna, ba shi ne harshen Java ba. Idan mutum ya buɗe shafi, burauzarsa kan sauko da rubutu da hotuna tare da waɗannan umarni, sannan ta aiwatar da su a cikin wayarsa ko kwamfutarsa. Su ne ke duba ko lambar asusu ta cika, su lissafa jimillar kuɗin kaya, su nuna sabon saƙo ba tare da an sake buɗe shafin ba.

Haɗarin ya samo asali ne daga nan, domin umarnin wani ne na waje, amma yana aiki a cikin na'urar mai ita. Masu ƙera burauza sun gina katanga biyu. Ta farko tana killace umarnin, ta hana shi taɓa fayilolin da ke cikin na'ura. Ta biyu tana hana umarnin wani shafi karanta bayanan wani shafin daban. Saboda haka mafi yawan ƙoƙarin masu kutse shi ne cusa nasu umarnin cikin shafin da jama'a suka amince da shi, inda burauza za ta ɗauke shi a matsayin ɗan gida.

An ga misalin haka a watan Oktoban 2005, lokacin da wani matashi, Samy Kamkar, ya saka umarni a shafinsa na MySpace. Duk wanda ya duba shafin sai umarnin ya kwafi kansa zuwa nasa, kuma cikin ƙasa da kwana ɗaya ya bazu zuwa shafuka fiye da miliyan ɗaya. Wanda ya fi shafar aljihu shi ne na kamfanin jiragen sama na British Airways a 2018. Masu kutse sun sauya wani fayil na JavaScript a shafin kamfanin, ta yadda bayanan katin banki da fasinjoji ke shigarwa suka riƙa tafiya wani wuri da ɓarayin ke iko da shi. Lamarin ya shafi mutum fiye da 400,000, kuma a watan Oktoban 2020 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tarar kamfanin fam miliyan 20. Fasinjojin ba su yi kuskuren komai ba, domin shafin na gaskiya ne.

Wannan ne ya sa kashe JavaScript gaba ɗaya bai zama mafita ga mafi yawan mutane ba. Shafukan banki, na biyan haraji, na imel da na sayayya kusan duka sun dogara da shi, kuma dukkan manyan burauzoji suna zuwa da shi a kunne. Firefox ma ta cire maɓallin kashe shi daga saitunanta na yau da kullum tun a 2013.

Wanda ya tarar da shi a kashe, a Chrome na wayar Android zai shiga Settings, ya zaɓi Site settings, sannan JavaScript. A Chrome na kwamfuta, Site settings na ƙarƙashin Privacy and security. A iPhone kuwa, yana cikin saitunan Safari, a sashen Advanced. Chrome na ba da damar ware wasu shafuka, a ba su izini ko a hana su, wanda ya fi dacewa da mai son taka-tsantsan. Masu amfani da Opera Mini su lura cewa a yanayin tsananin tsimin data, kwamfutocin kamfanin ne ke sarrafa shafin kafin ya iso waya, shi ya sa wasu fom-fom ke ƙin aiki ko da ba a kashe komai ba.

Kariyar da ke hannun mai amfani ba ta da wahala. Ya riƙa sabunta burauzarsa, domin sabuntawa ce ke toshe ramukan da aka gano a katangar. Ya rubuta adireshin bankinsa da kansa maimakon bin mahaɗin da aka turo masa ta WhatsApp ko saƙon tes. Ya rage ƙananan manhajojin da ake maƙala wa burauza, tunda da yawansu na iya karanta duk shafin da ya buɗe. Ya kuma kunna saƙon sanarwa na banki, domin idan satar ta faru daga ɓangaren shafin, kamar yadda ta faru ga fasinjojin British Airways, wannan saƙo ne zai fara nuna masa cewa an taɓa asusunsa, ya hanzarta rufe katin.