Yadda Ake Mayar da Lallen Bayan Ɗaki Ya Zama Bonsai

A wani lambun gwamnati da ke birnin Washington na Amurka akwai wata bishiya da ba ta kai tsayin mutum ba, tana zaune cikin kasko, alhali tun shekarar 1625 ake renonta. Iyalan gidan Yamaki na birnin Hiroshima ne suka yi ta gadonta tun kaka da kakanni. Tana tsakar gidansu ranar 6 ga Agusta, 1945, lokacin da aka jefa wa birnin bam ɗin nukiliya, Allah ya sa tana da sauran kwana, ta tsira. A 1976 Masaru Yamaki ya ba da ita kyauta ga Amurka. Wannan fasaha ta renon cikakkiyar bishiya a cikin ɗan kasko, ta tsufa ba tare da ta yi tsawo ba, ita ake kira bonsai.

Asalinta daga ƙasar Sin ne. A bangon kabarin yarima Zhanghuai, wanda aka gina a shekarar 706, akwai zanen hadimai ɗauke da tsirrai a cikin faranti. Daga can ta ƙetara Japan, inda aka gyara ta aka yi mata ƙa'idoji. Bayan girgizar ƙasar da ta rusa Tokyo a 1923, masu wannan sana'a suka yi ƙaura zuwa Omiya, suka kafa unguwarsu a 1925, kuma har gobe can ce cibiyarta. Yau wayar hannu ta kawo hotunan har bakin gadar Wudil, kuma tambayar farko da matashin da abin ya burge yake yi ita ce, a ina ake sayen irinta?

Babu wani iri da ake kira irin bonsai. Duk wanda ya tallata maka shi a intanet, kuɗinka yake so. In ka ɗauki ƙwallon bishiyar da ke cikin kaskon ka shuka a gona, ƙatuwar bishiya za ta fito kamar sauran danginta. Hannun mai reno ne yake tsare girman, ta hanyoyi biyu. Na farko, kan kowane reshe yana fitar da wani sinadari da yake hana idanun da ke ƙasa da shi tohowa. Da zarar an datse kan, sai idanun su farka, reshe ɗaya ya koma biyu ko uku, gajeru masu ƙananan ganye. Na biyu, idan aka yanke manyan saiwoyi, sai bishiya ta fitar da sirara masu yawa, kuma su ne dama suke shan ruwa da abinci. Da haka ɗan kasko yake iya ciyar da ita.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar ƙauyukan Wudil, ko ya nufi Gaya ko Garko, ya ga wannan aiki da idonsa, sai dai bai kula ba. Dubi magaryar da ke bakin burtali, wadda awaki suke cinye tohonta kullum. Shekara goma tana nan, ba ta wuce gwiwa ba, amma gindinta ya yi kauri, rassanta sun cunkushe. Abin da akuya take yi da ka, shi mai bonsai yake yi da lissafi.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya manta da itatuwan da yake gani a bidiyon Japan. Yawancinsu na ƙasar sanyi ne, sai sun yi barcin hunturu mai ƙanƙara suke rayuwa, kuma zafin watan Afrilu na Kano zai gama da su. Ya kuma haƙura da shuka ƙwallo, domin gindin bishiya ba ya saurin kauri a cikin kasko, kuma kaurin gindi shi ne rabin kyan bonsai. Abin da ya fi shi ne ya zagaya bayan ɗaki ko jikin danga, ya nemi tsohon tsiron da ƙasa ta riga ta yi masa aikin shekaru.

A nan lalle ya yi zarra. Ganyensa ƙanana ne tun asali, yana jure zafi, kuma ya saba da yanka, tunda masu nomansa suna girbe shi ya sake tohowa. Ga shi yana fure mai ƙamshi. Tsohon lallen da aka daɗe ana sara yakan yi gindi mai murɗe-murɗe da tabo, irin wanda masu bonsai suke nema ruwa a jallo. Bayan lalle sai ceɗiya, wadda ko reshenta ka kafa a ƙasa da damina zai kama, kuma tana yafe kuskuren ɗan koyo fiye da kowace. Tsamiya tana da kyan ganye da ɓawo, sai dai tana da nawa. Rumman yana yi, amma a sani cewa ganye ne yake ƙanƙancewa, ɗan itace yana nan da girmansa. Durumi da gamji ganyensu ya yi faɗi, a bar su. Kuka kuwa masu bonsai na Afirka ta Kudu sun daɗe suna ji da ita, har suna da salo mai sunanta. Sharaɗinta ɗaya, idan ta zubar da ganye da rani a janye mata ruwa, in ba haka ba ta ruɓe. Akwai kuma kariya mai jan fure da ƙaton gindi, wadda kamanninta kaɗai bonsai ne, amma ruwan jikinta guba ne, gidan da ke da ƙananan yara sai a yi hattara.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen lokaci. Littattafan waje suna cewa a tono bishiya a watan Maris, domin a can lokacin ne sanyi yake wucewa. A Wudil watan Maris mafarin bazara ne, zafi yana haura digiri 40, iska a bushe. Tsiron da aka yanke wa saiwa a wannan yanayi sai dai a yi masa addu'a. Lokacinmu shi ne idan damina ta zauna, daga tsakiyar Yuni zuwa Yuli, sa'ad da iska take da laima kuma akwai watanni na tsiro a gaba.

Mai haƙuri yakan raba aikin gida biyu. A daminar farko ya sa shebur mai kaifi ya zagaye gindin, tazarar kamar taƙi ɗaya da rabi na hannu, ya datse saiwoyin da suka yi nisa, ya bar tsiron a inda yake. Kafin wata daminar, sirara sun fito kusa da gindi, sai ya ɗauke shi cikin sauƙi. Ranar tono, a yi da sassafe ko da yamma. A rage rassa sosai, domin saiwar da ta rage ba za ta iya shayar da ganyen da ba. A yanke doguwar saiwar da ta nutsa ƙasa, a bar na gefe. Kada a kai shi ɗan kasko mai kyau tun yanzu. Tsohon daro ko robar fenti da aka huda wa gindi da kyau ta isa, a ajiye a inuwa mako biyu zuwa uku, sannan a riƙa fito da shi rana sannu a hankali.

Ƙasar da za a zuba ita ce abin da ya fi ba sabon shiga mamaki. Hankali yana ba mutum cewa baƙar ƙasar fadama mai danƙo ta fi kyau. A gona haka ne, amma a cikin kasko tana toshewa, ruwa ya kwanta, saiwa ta rasa iska ta ruɓe. Japanawa suna amfani da wata ƙasa mai tsakuwa-tsakuwa da suke kira akadama, wadda kawo ta nan ɓarnar kuɗi ce. Mutumin Wudil yana da yashin kogi a ƙofar gidansa. A samu mai gwari-gwari, a tankaɗe a zubar da ƙurar, a haɗa da dakakken jan bulo ko fasasshen tulu, da ɗan gawayi, da taki wanda ya ruɓe sarai. Alamar haɗin ya yi ita ce in ka zuba ruwa, nan take ya fito ta ƙasa. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara.

Daga nan sai a ɗaure hannu. Shekarar farko ta farfaɗowa ce, a bar shi ya yi toho yadda ya ga dama. A damina ta biyu ne za a zauna a juya shi ta kowane ɓangare, a zaɓi fuskar da gindi ya fi kyau, a cire rassan da suka gitta juna da waɗanda suka miƙe tsaye, a bar na ƙasa su fi na sama kauri da tsawo. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan maganar a zahirinta take. Ana naɗa wayar tagulla ko ta alminiyam a jikin ɗanyen reshe a karkace, kaurinta kamar kashi ɗaya cikin uku na reshen, a lanƙwasa shi inda ake so. Masu gyaran injin ban-ruwa da fanka ba sa rasa ragowar irin wannan waya. Sai dai da damina reshe yana kumbura da sauri, a riƙa dubawa kowane mako, a cire kafin ta nutse cikin ɓawo. Wanda bai son waya yana iya bin hanyar mutanen kudancin Sin: a bar reshe ya yi tsawo, a datse shi daidai saman idon da ya kalli inda ake so, a sake bari.

Sauran aikin ban-ruwa ne da tsaro. Da bazara ɗan kasko yana iya bushewa kafin azahar, saboda haka a shayar safe da yamma, a sa shi ƙarƙashin rumfar da take tare ranar tsaka. Shi ya sa nake ganin kaskon yumɓu mai ɗan zurfi, irin wanda maginan tukwane za su yi maka in ka ce su huda gindin kafin gashi, ya fi faifan kaskon da ake gani a hotuna dacewa da mu. Da hunturu a kare shi daga busasshiyar iska. A ɗora shi kan benci ko bulo saboda gara. Kada a mai da shi ɗan ɗaki, domin bishiya ce, rana take so. Akuya kuwa, aikin shekara uku ba ya ɗaukar ta minti biyar. Duk bayan shekara biyu ko uku a fito da shi da farkon damina, a rage kamar kashi ɗaya cikin uku na saiwar, a sabunta ƙasa.

Wani zai ce, a ƙasar da hamada take matsowa, ina amfanin bishiyar da ba ta inuwa? Gaskiya ne, bonsai ba ya maye gurbin darbejiyar ƙofar gida. Amma ɗalibin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke zaune a ɗakin haya, ko matar auren da tsakar gidanta siminti ne, ba su da filin dasa darbejiya, suna da wurin kasko. Kuma wanda ya yi shekara uku yana lura da saiwa da toho, da wuya ya dasa bishiya a fili ya bar ta ta mutu.

Roƙona ɗaya ne: kada sha'awa ta sa a shiga gonakin mutane ko daji ana tumɓuke tsofaffin itatuwa. A fara da lallen gida ko reshen ceɗiya, a nemi izinin mai shi, a kuma jira ruwan Yuni ya zauna kafin a sa shebur.