Salatin ƙauye na Girka: abincin da ba ya ganin wuta

A ƙasar Girka, idan zafi ya shigo, da wuya a zauna cin abinci ba tare da kwanon "horiyatiki" ba, wato salatin ƙauye. Duk da sunansa, babu ganyen salati a ciki ko ɗaya, babu mayonez, babu ƙwai. Tumatir ne, da kokwamba, da albasa, da koren tattasai, da ƴaƴan zaitun, sai cuku da man zaitun. Tun da ba a ɗora shi bisa wuta, kuma babu miyar da za ta rufa masa asiri, kyawunsa daga kasuwa yake farawa.

Cukun da ake sa masa shi ne feta, fari mai laushi, wanda ake yi da nonon tumaki, wani lokaci a haɗa da na awaki, amma kada ya wuce kashi 30 cikin 100. Yakan yi aƙalla wata 2 yana nuna kafin a kai shi kasuwa, cikin ruwan gishiri ake adana shi. Tun shekarar 2002 Tarayyar Turai ta keɓe wannan suna ga cukun wasu yankunan Girka kaɗai. Cukunmu busasshe ba zai maye gurbinsa ba. Zaitun kuwa, na garin Kalamata ne ya fi suna.

Feta da zaitun sai a manyan kantuna, kuma da tsada. Sauran kayan kuwa suna cikin garakenmu. Lokacin sanyi tumatir yakan cika kasuwa, ga kuma albasar Galmi da ake loda wa manyan motoci zuwa Abijan da Akara, ita ce irin jar albasar da wannan salati yake so.

Domin mutum 4, a nemi tumatir 4 nunannu, kokwamba 1, albasa 1, tattasai 1, zaitun kamar 20, feta garam 200 da man zaitun babban cokali 4. A yanka tumatir da kokwamba manya-manya, albasa da tattasai sirara-sirara. A barbaɗa gishiri kaɗan, domin cukun da zaitun suna da nasu. A ɗora feta dunƙulensa a sama, a zuba mai, a barbaɗa busasshen ganyen origano mai ƙanshi. Ba a juya shi da ƙarfi. Ruwan tumatir da mai da suka taru a gindin kwano, Girkawa da burodi suke dangwale su.

Sai dai a yi hattara. Abin da wuta ba ta taɓa ba, ƙwayoyin cutar da ke jikinsa suna nan da ransu. Wasu garake na bakin gari da ruwan kwata ake ba su ruwa, ta nan kuwa zawo, zazzaɓin tayifot da kwalara suke shiga gida. Saboda haka a wanke hannu da sabulu, a jiƙa kayan minti 15 cikin ruwa mai tsabta da aka ɗiga wa jabel kaɗan, a ɗauraye da ruwan sha, kana a yanka da wuƙar da ba ta taɓa ɗanyen nama ba. A haɗa shi dab da ci, domin idan ya jima tumatir yakan saki ruwa, ya lalace. Maigidan da ya biya kuɗin feta, kada ya yi ƙyashin kuɗin jabel.